Babi na Bakwai: Ƙofa ta Biyu

Duk wanda ya taɓa buɗe jadawalin ayyukan dare na wata saba mai tafiya da Linux, da wuya bai ci karo da wata ƴar wutsiya a ƙarshen layi ba, wato `>/dev/null 2>&1`. Gadonta ake yi hannu da hannu: wanda ya kafa injin ya kwafo ta daga wani littafi, wanda ya gaje shi ya tarar da ita ya ƙyale, na uku kuma ya liƙa ta a sabon layin da ya rubuta don ya ga haka ake yi. Abin da take gaya wa kwamfuta shi ne, duk abin da wannan shiri zai ce, daɗi ko ɗaci, a zubar da shi kada kowa ya ji. Masu yin haka suna ɗaukarsa tsafta, kuma a wasu wurare ƙalilan tsaftar ce. Amma a inda wuta ke ɗaukewa, rezo ke yankewa, mai kula da injin kuma yana can tafiyar yini guda, wannan ɗabi'a tana cikin mafi tsada da mai rubuta umarni zai iya koya. Aikin da ya lalace ya yi kuka, gyaransa na awa ɗaya ne ko biyu. Wanda ya lalace aka toshe masa baki kuwa, ba a sanin halin da yake ciki sai ranar da aka zo neman abin da aka ɗauka yana ajiye.

Kowane shiri da aka tayar a Unix da danginsa yana farawa da ƙofofi uku a buɗe, kowace da lambarta. Ta 0 ita ce mashigar abin da zai karanta, ta 1 mafitar sakamakon aikinsa, ta 2 kuma mafitar ƙorafinsa. Idan mutum yana zaune gaban allo, ta 1 da ta 2 duk a allon suke zuba, shi ya sa sabon ɗalibi ba ya gane cewa biyu ne. Sai ya rubuta `ls Bande Wacha > jeri.txt` alhali babu jakar da ake kira Wacha, sannan ya ga abin mamaki: sunayen da ke cikin Bande sun shige fayil, amma saƙon cewa ba a sami Wacha ba ya fito a allo. Dalili shi ne alamar `>` gajarta ce ta `1>`, ƙofa ta 1 kaɗai ta karkatar. Wanda yake son kama ƙorafin sai ya ambaci lambarsa, ya ce `2> kuskure.txt`, ko `2>> kuskure.txt` idan yana son a ƙara a ƙasan abin da ke ciki maimakon a shafe shi. Shi kuwa `/dev/null` fayil ne na musamman da ke karɓar duk abin da aka ba shi ya haɗiye, ya kuma amsa cewa rubutun ya yi nasara. Abin lura a nan, shirin kansa bai san inda ƙofofinsa suka dosa ba. Shel, wato manhajar da ke karɓar umarni ta fassara shi, ita ke shirya ƙofofin kafin ta tayar da shirin, kuma rabin haɗarin da za mu gani daga wannan "kafin" yake fitowa.

Ƙofa ta biyu ba da ita aka haifi Unix ba. Shel ɗin da Ken Thompson ya rubuta a ɗakin binciken Bell da ke New Jersey a Amurka, wanda ya fito a 1971, yana da `<` da `>`, kuma a 1973 aka ƙara bututu, alamar `|` da ke miƙa sakamakon wani shiri ga wani, shawarar da Douglas McIlroy ya daɗe yana nacewa a kai. A farkon zamanin ƙorafi da sakamako hanya ɗaya suke bi. Stephen Johnson, ɗaya daga cikin ma'aikatan wurin, ya ba da labarin abin da ya raba su. Suna da injin ɗab'i mai zana haruffa a kan takardar hoto, wadda sai an wanke ta da sinadari kafin a ga abin da ta ɗauka. Mutum zai tura aikinsa ta bututu, ya jira, ya wanke takarda, sai ya tarar da layi ɗaya tak da kyawawan haruffa yana cewa an kasa buɗe fayil. Saƙon kuskuren ya bi bututu ya shige injin a matsayin rubutun da za a buga. Bayan an yi wannan asara sau da yawa, aka ware wa ƙorafi ƙofarsa, kuma shel ɗin Stephen Bourne na 1979 ya zo da salon lambobi irin `2>&1` da ake amfani da shi har yau. Waɗanda suka ƙirƙiro ƙofar sun yi ta ne domin ƙorafi ya tsallake bututu ya iso idon mutum. Mai rubuta `2>/dev/null` ba tare da tunani ba yana amfani da kayan aikinsu ne wajen warware abin da suka ƙulla.

Mai karatu a Magariya ko Dungas yana iya tambayar ina ruwansa da wannan. Ruwansa yana cikin alƙaluman lafiya. Gundumomin biyu suna kudancin jihar Damagaram, a bakin iyakar Najeriya, kuma har 2011 gunduma ɗaya ce kafin a yanke Dungas. Yanki ne mai cunkoson jama'a, inda damina ke haɗa zazzaɓin cizon sauro da tamowa a lokaci guda. Ƙungiyar likitocin MSF tana aiki a asibitin Magariya tun 2005, kuma a 2018 ta bayyana cewa yara fiye da 700 ne ke kwance a sashen yara a lokaci ɗaya. Rani kuma da nasa: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoton cewa daga 1 ga Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023 an sami mutum 559 da sanƙarau a jihar Damagaram, 18 suka rasu, kuma 342 daga cikinsu a Dungas suke. Waɗannan lambobi daga rajistar cibiyoyin lafiya suke tasowa, su hau zuwa ofishin gunduma, su wuce Damagaram da Yamai. Nijar, kamar Najeriya, tana tattara alƙalumanta na lafiya a manhajar DHIS2 wadda Jami'ar Oslo ta Norway ke jagorantar gininta. Ita kuwa DHIS2 a kan rumbun bayanai na PostgreSQL take zaune, galibi a saba mai Ubuntu, kuma hanyar da aka saba bi wajen ajiye kwafinta ita ce layin umarni da ke tashi da kansa cikin dare. Tsakanin ofishin gunduma a Magariya da Yamai akwai tafiyar kusan kilomita 1,000. Wutar da jihar ke sha kuma kaso mai yawa daga Najeriya take zuwa ta layin Katsina, kuma an ga yadda aka yanke ta a Agustan 2023 bayan juyin mulki, aka shafe watanni. Katsewar aiki a tsakiya a irin wannan wuri al'amarin yau da kullum ne, don haka tambayar da ta dace ita ce wa zai ji idan ya katse.

Mu ɗauki layin da ya fi kowane yawa a wannan fanni: `pg_dump dhis2 > ajiya.sql 2>/dev/null`. Kafin `pg_dump`, shirin da ke fitar da kwafin rumbun, ya motsa, shel ta riga ta buɗe `ajiya.sql` ta kwashe duk abin da ke ciki. Idan rumbun bai tashi ba bayan ɗaukewar wuta, ko an sauya kalmar sirri, `pg_dump` zai faɗi dalili a ƙofa ta 2 ya fita, dalilin ya faɗa `/dev/null`, kwafin jiya mai kyau kuma ya riga ya tafi. Da safe fayil yana nan da sunansa da kwanan watan yau, cikinsa fayau. Abin ya fi muni idan aka matse fayil ɗin, kamar yadda kusan kowa ke yi: `pg_dump dhis2 | gzip > ajiya.gz`. Shi `gzip` ko ba a ba shi komai ba zai rubuta kansa da wutsiyarsa, fayil mai bayit 20, ya kuma fita lafiya. Ita kuma shel, a ƙa'idarta ta asali, sakamakon shirin ƙarshe a bututu take ɗauka a matsayin sakamakon layin duka. Ke nan babu ƙorafi, fayil ba fanko ba ne a idon mai duba na sama-sama, lambar fita kuma ta ce an yi nasara. Shaidu uku sun haɗu a kan ƙarya, kuma na huɗun da zai faɗi gaskiya shi ne aka kora tun farko.

Ma'aikatan lafiya sun riga masu kwamfuta gane wannan matsala. A tsarin sa ido kan cututtuka da ƙasashen Afirka suka amince da shi ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya tun 1998, cibiyar da ba ta ga ko mutum ɗaya mai sanƙarau ko ƙyanda ko shan inna a mako ba, ba a yarda ta yi shiru ba, dole ta aiko da rahoto ta rubuta sifili. Sifili labari ne: an duba, ba a gani ba. Gurbin da aka bari fanko kuwa yana iya nufin babu cuta, yana iya nufin majo, wato shugaban cibiyar, ba shi da lafiya, ko babur ya lalace, ko rezo ya ƙi. A sanƙarau bambancin yana da nauyi, domin ana ayyana faɗakarwa ne idan an kai mutum 3 cikin 100,000 a mako, annoba kuma idan an kai 10, saboda haka duk gurbin da aka lissafa a matsayin sifili yana ja da ƙararrawa baya. Layin umarnin da aka toshe wa ƙofa ta 2 cibiya ce da aka hana ta aiko da uzuri, aka kuma umarci ofis ya riƙa rubuta mata sifili.

Ko wanda ya yi niyyar adana ƙorafin yana iya tuntuɓe, domin shel tana karanta karkatarwa daga hagu zuwa dama, ɗaya bayan ɗaya. Ma'anar `2>&1` ita ce ƙofa ta 2 ta dosa inda ta 1 ta dosa a wannan lokacin, ba ta bi ta duk inda za ta koma daga baya ba. Don haka `umarni > kundi 2>&1` yana tura duka biyun cikin kundi, amma `umarni 2>&1 > kundi` yana barin ƙorafi a inda sakamako yake da, wato allo, sannan ya kai sakamakon kaɗai cikin kundi. Na biyun ba kuskure ba ne a kansa, yana da amfani ga mai son tace ƙorafi zalla ta bututu, amma yawancin masu rubuta shi na farkon suke nufi. Wanda ya manta alamar `&` ya rubuta `2>1` kuwa, fayil mai suna 1 zai haifa. Akwai kuma tarkon da ya fi waɗannan ɓoyuwa. Shel ɗin Bash, wanda Brian Fox ya fitar a 1989, ya yarda da gajeren salo `&> kundi` don haɗa ƙofofin biyu. Amma cron, shirin da ke tayar da ayyukan dare, da `/bin/sh` yake aiki idan ba a ce masa komai ba, kuma a Ubuntu tun 2006 wannan suna wata shel da ake kira dash yake nufi, ba Bash ba. Shi dash yana karanta `&` a matsayin umarnin tura aiki bayan fage, ya karanta `> kundi` a matsayin umarnin buɗe fayil fanko. Layin da ya yi aiki daidai da rana a hannun mai gwadawa, da dare sai ya bar kundi fayau ya kuma ce an yi nasara tun aikin bai gama ba. Harafi huɗu da aka yi ƙyuyar rubutawa ne suka jawo haka.

Hujjar farko da masu toshe ƙofa ke kawowa tana da ƙarfi, bai kamata a raina ta ba. Suna cewa ƙofa ta 2 ba ƙorafi kaɗai ke bi ta cikinta ba. Shirin `curl` a can yake zuba lissafin yadda saukar fayil ke tafiya, wasu shirye-shiryen kuma gargaɗi marar amfani suke maimaitawa kowane dare. Cron kuma ɗabi'arsa ita ce ya aika wa mai aikin imel da duk abin da ya fito, saboda haka aikin da ke tashi kowane minti biyar zai cika akwati da saƙo 288 a rana, faifai ya cika, mutum kuma ya daina karantawa. Wannan gaskiya ne, kuma ƙararrawar da ke kaɗawa kullum daidai take da wadda ba ta kaɗawa. Sai dai maganin surutu shi ne a rage shi daga tushe. Kusan kowane shiri yana da zaɓin yin shiru: `curl -sS` yana kashe lissafin tafiya ya bar kuskure na gaske, `rsync -q` ma haka. Cikar faifai kuma aikin `logrotate` ne, wanda ke naɗe tsofaffin kundaye ya zubar da waɗanda suka wuce wa'adi, ko a miƙa saƙon ga `logger` ya shiga babban kundin injin da kwanan wata da sa'a. Akwai inda `2>/dev/null` ya halatta: mutumin da ke zaune gaban allo yana neman fayil da `find`, ya san ɗaruruwan saƙonnin "ba ka da izini" ba su dame shi ba, kuma idan sakamakon bai yi masa ba zai sake gwadawa nan take. Bambancin shi ne ya san ƙorafin da yake zubarwa. Mai toshe ƙofar aikin dare yana zubar da ƙorafin da bai taɓa gani ba, har da wanda zai zo bayan shekara biyu.

Hujja ta biyu daga ɗaya ɓangaren take zuwa: to a haɗa komai wuri ɗaya da `2>&1`, a huta. Ga aikin da sakamakonsa bayani ne kawai don mutum ya karanta, wannan shawara ce mai kyau, kuma ta fi zubarwa nesa ba kusa ba. Amma idan abin da ke fita ta ƙofa ta 1 shi ne kayan da kansa, kamar kwafin rumbu ko jadawalin alƙaluma da wani shiri zai karanta, haɗawar komawa ce ga matsalar takardar hoto ta ɗakin binciken Bell. Layin gargaɗi ɗaya a tsakiyar fayil ɗin SQL ya isa ya sa maido da rumbun ya tsaya ko ya tsallake wani sashe, a matsatstsen fayil kuwa yana iya lalata shi. Ko a kundin karatu ma akwai abin kula. Yawancin shirye-shirye, idan suka ga ƙofa ta 1 fayil ta dosa ba allo ba, tara rubutun suke yi sai ya kai wani adadi, sau da yawa bayit 4,096, sannan su zuba, alhali ƙorafi nan take yake fita. Saboda haka a kundin da aka haɗa, kuskure yana iya bayyana sama da layukan da suka riga shi faruwa, mai bincike ya ɗora laifi a kan matakin da ba shi ba. Idan kuma aka kashe shirin da ƙarfi, abin da ya tara bai zuba ba ya tafi ke nan, ƙorafin ne kaɗai ya tsira. Wannan ma wani dalili ne na ƙin zubar da shi.

Hujja ta uku ta masana ce: rubutun ƙorafi na mutane ne, abin da injin ke dogara da shi shi ne lambar fita, 0 idan an yi nasara, wata lamba idan an faɗi, don haka a duba lambar a bar surutun. Rabin wannan daidai ne, kuma rubutaccen umarnin da ba ya duba lambar fita bai cika ba. Amma mun ga yadda bututu ke ɓoye ta, sai an kunna `set -o pipefail`, zaɓin da ke cikin Bash tun 2004 amma bai shiga POSIX, ƙa'idar bai-ɗaya ta Unix da danginsa, ba sai 2024. Ko an kama lambar, abin da take faɗa kaɗan ne. Lamba 1 daga `pg_dump` ba ta bambance faifan da ya cika da kalmar sirrin da ta sauya, ko rumbun da bai tashi ba. Ga mai gyara da ke ɗaki ɗaya da injin, wannan ƙaramar wahala ce. Ga wanda zai yanke shawara ko ya taso daga Damagaram ya yi kusan kilomita 90 zuwa Magariya, ko ya yi wa wani bayani ta waya ya danna maɓalli biyu, layi ɗaya na dalili shi ne bambancin kuɗin mai da yini guda na aiki.

Sai dai wanda ya tsaya a nan ya ce ya buɗe ƙofa ta 2 ya gama, akwai labarin da zai ƙaryata shi. A ranar 31 ga Janairu 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab, mai ajiye wa masu rubuta manhaja ayyukansu, ya goge jakar rumbun bayanai a babbar saba yana zaton a ta biyu yake. Daga kimanin gigabayit 300, abin da ya rage bai kai 5 ba. Da suka juya ga kwafin da `pg_dump` ke yi a kai a kai, suka tarar ma'ajin fanko ne. Bayanin da kamfanin ya wallafa da kansa ya nuna cewa `pg_dump` na siga 9.2 ne ke ƙoƙarin kwafe rumbu na siga 9.6, yana faɗuwa kowane lokaci. Ba su toshe masa baki ba: cron yana aika imel ɗin kuskuren yadda ya kamata. Amma sabar da ke karɓar imel tana ƙin saƙonnin saboda ba su cika sharaɗin tantancewa na DMARC ba, don haka babu wanda ya taɓa ganinsu. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu kimanin awa shida kafin lamarin, kuma duk da haka sun rasa ayyuka kusan 5,000 da sababbin masu rajista kusan 700. Wannan kamfani ne mai ƙwararrun injiniyoyi da intanet da ba ya yankewa. A ƙaramar saba mai Ubuntu da ba a sa mata shirin aika imel ba, lamarin ya fi sauƙin faruwa: cron yana zubar da saƙon ne, ya bar layi ɗaya a kundin injin cewa ya zubar. Wato akwai `/dev/null` da ba a rubuta ba, kuma duk kundin da babu mai buɗe shi yana cikinsu.

A nan ne hujja ta ƙarshe ke shigowa, wadda ta fi dacewa da Magariya da Dungas: saƙonnin nan da Turanci suke, ma'aikacin da ya yi karatunsa da Faransanci yake aikinsa da Hausa me zai yi da su, kuma mutum nawa ne a gundumar ke rubuta umarnin shel? Game da ta biyun, shel ta fi kusa da mutane fiye da yadda suke zato, domin tana cikin kowace wayar Android da yawancin akwatunan rarraba intanet, kuma wanda ya dogara da alƙaluman da wani layin dare ke tsarewa yana da haƙƙin tambayar ina ƙorafinsa ke zuwa ko da bai iya rubuta shi ba. Game da harshe kuwa, ƙofa ta 2 ba ta manyan shirye-shirye kaɗai ba ce. Mai rubuta umarni yana iya tura nasa saƙon ta cikinta da `>&2`, da harshen da ya ga dama: `echo "Kwafin daren jiya bai yiwu ba, a kira mai kula da saba" >&2`. Saƙon Turancin ya zauna a kundi domin mai gyara, na Hausa ko na Faransanci ya tafi ga wanda ke kusa, ta hanyar da ke aiki a wurin, ko gajeren saƙon waya ne, ko fayil da ke buɗewa a allo da zarar an kunna injin da safe.

Gyaran duka bai wuce layuka kaɗan ba. A saman fayil a ambaci Bash da sunansa, `#!/bin/bash`, don kada a faɗa hannun dash ba da sani ba, a kunna `pipefail`, sannan a rubuta `exec 2>> ajiya.kuskure` sau ɗaya, wanda ke karkatar da ƙorafin duk layukan da ke biye. Kwafin kuma kada a zuba shi kai tsaye a kan na jiya: a rubuta shi da sunan wucin gadi, `pg_dump dhis2 | gzip > sabo.gz && mv sabo.gz ajiya.gz`, domin `&&` ba ya barin `mv` ya motsa sai abin da ke gabansa ya yi nasara, saboda haka wutar da ta ɗauke a tsakiya guntun `sabo.gz` kawai za ta bari, na jiya yana nan. Wanda ke da wuri a faifai ya sa kwanan wata a sunan, ya riƙe na mako ɗaya ko biyu. Sannan aikin ya riƙa rubuta layi ɗaya ko da ya yi nasara, da sa'a da girman fayil, ta yadda rashin layin zai zama abin tambaya, kuma bayit 20 a inda aka saba ganin miliyoyi zai tsone ido. Abin da babu layin da zai yi shi ne sanya sunan mutumin da aikinsa ne ya duba, da ranar da zai ɗauki kwafin ya gwada maido da shi a wani injin. A gundumomin nan lokacin gwajin a bayyane yake: kafin ruwan Yuni ya sauka, da kuma kafin hunturu ya shigo a Nuwamba.